Sai Mu'minatu Ta Zo Da Kanta

Wanzami ya sa almakashi, jelar kitson farko ta faɗo a kan tabarma, har da ɗan zaren da aka ɗaure bakinta da shi. Ta biyu ta biyo ta. Sama'ilu ya zuba musu ido. Shekara goma sha tara yana ɗauke da wannan gashi, ana tsefe shi, ana shafe shi da man shanu, ana ja masa shi har idonsa ya kawo ruwa. Da aska ta gama bin kan, iskar damina ta taɓa fatar, sai ya ji sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Daɗi ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba, har ya sunkuyar da kai don kada a ga yana murmushi.

A ƙofar gida an riga an kayar da rago. Mahaifinsa, Malam Giɗaɗo, wanda ya shekara talatin yana karantar da littattafai a zaurensa a nan Kebbe, ya miƙe tsaye gaban mutanen da ya tara.

"Jama'a, kun san ɗiyata Mu'minatu. To, ba ɗiya ba ta. Kuskure munka yi ranar haifuwa, mu da ungozoma, Allah shi gafarta muna. Likita ya duba a birni, yac ce namiji na. Malamanmu kuwa ba su bar wagga mas'ala ba, sun yi bayaninta tun ba a haifi kakanninmu ba. Daga yau sunanai Sama'ilu. Duk wanda yac ci naman ragon ga ya zama shaida."

Aka shafa fatiha. Wasu suka ci naman da zuciya ɗaya, wasu kuwa suka ƙunshe nasu suka yi gida da sauri, don labarin ya fi naman daɗi a bakinsu.

Abin da ya faru ba wani abin al'ajabi ba ne ga wanda ya san duniya. An haife shi da halittar da ba ta fayyace ba, irin wadda mutane ke kira mata-maza. Ungozoma ta duba ta ce mace ce, aka raɗa masa Mu'minatu. Shi kuwa tun da ya yi wayo, in aka ce "ke", sai ya ji kamar da wani ake a bayansa. An sa shi boko a cikin 'yan mata, ya gama aji bakwai shi ne na ɗaya. Sai murya ta buɗe, kafaɗa ta yi faɗi, gashi ya fara tsirowa a haɓa. Ranar da ya yi sallama a bakin rijiya mata suka watse da dariya, ranar ya shiga ɗaki. Shekara uku cur bai taka ƙofar gida ba. Mahaifiyarsa, Inna Hinde, kowace Juma'a sai ta zaunar da shi ta bi haɓar da matsefata tana tsigewa tana kuka.

Maccido, malamin asibitin shan magani na Kebbe, shi ya matsa wa Malam har suka kai shi babban asibiti a birni. Likitan, wani baƙo ne daga ƙasar waje, ya duba, ya yi gwaje-gwajensa, ya ce namiji ne, ɗan aiki kaɗan ya rage a yi masa nan gaba. Malam ya sa Maccido ya sake tambayarsa har sau uku, sau uku yana ba da amsa ɗaya. Shi ke nan, Malam ya tattara rigarsa ya yi godiya suka fito. A wurinsa magana ta ƙare: masani ya yi furuci a gaban shaidu biyu, me kuma ake nema? Bai ce a rubuta masa ko layi ɗaya ba. Nan ya yi kuskure, kuskure irin na mutumin da bai taɓa yin ƙarya ba, yake zaton bakin mutum ya fi takarda nauyi.

* * *

Shekarar ce gwamnati ta samu kuɗin man fetur take ta giggina firamare har a ƙauyukan da mota ba ta zuwa, ga azuzuwa ba malamai. Aka yi shela duk mai takardar aji bakwai ya kawo, za a tura shi kwalejin horon malamai. Za a rufe karɓar sunaye ranar Juma'ar ƙarshen wata. Sama'ilu ya ƙwallafa rai a kan wannan tafiya. Ba albashin ne ya dame shi ba. So yake ya je inda ba wanda ya taɓa ganinsa da ɗankwali, ya zauna a benci cikin maza, a kira suna ya amsa kamar kowa.

Suka hau akori-kura zuwa Tambuwal, shi da Malam, mota na kafewa a laka ana turawa. A ofishin da ake karɓar takardun, wani akawu ne a bakin ƙofa mai suna Ɗan'iya. Wando mai faɗin ƙafa, takalmi mai tudu, agogo ya yi wa hannunsa yawa, ga goro a kunci. Duk mai son ganin Oga, wato shugaban ofishin, sai ya bi ta teburinsa, Oga kuwa kullum yana Sakkwato wajen taro.

Ɗan'iya ya karɓi takardar shaidar, ya dubi ɗan hoton da ke manne a jikinta, ya dubi saurayin da ke tsaye.

"Ina mai takardar? Ƙanwarka ta?"

"Ni na," in ji Sama'ilu.

"Kai na Mu'minatu?"

Malam ya matso ya yi bayani a natse, tun daga ungozoma har zuwa rago. Ɗan'iya ya saurara baki buɗe, idonsa na yawo a jikin Sama'ilu daga sama har ƙasa.

"Allah shi gafarta Malam, gwamnati ba ta ci naman ragonka ba. Nan takarda muka sani. Ku tafi ku kawo takardar likita da hatimi, wadda tac ce wanga namiji na. Sannan Oga shi sa hannu a sake suna, a sa shi cikin jerin maza."

Ba su kai bakin titi ba Sama'ilu ya ji an kwashe da dariya a bayansu.

* * *

Wahalar da suka sha da suka koma asibitin nan na birni, Allah kaɗai ya san iyakarta. Likitan farko kwantiraginsa ya ƙare ya koma ƙasarsu. Katin da aka buɗe wancan zuwan an neme shi sama da ƙasa an rasa. Wajen yankar sabo, layi biyu ne, na maza da na mata, mai ba da kati ya ce shi ba zai rubuta Sama'ilu ba tunda tsohuwar rajista Mu'minatu ta nuna, ba zai kuma rubuta Mu'minatu ba tunda ga gemu yana gani. Likitan da ke duba irin wannan kuwa ranar Talata kawai yake zama. Talatar farko yana ɗakin tiyata. Ta biyu an ɗauke wuta, an ce a dawo. Malam, tsoho mai shekara sittin da ɗoriya, ya bar ɗalibansa ya yi ta kwana a zauren mutane, yana zama a barandar asibiti da carbinsa tun hantsi har la'asar.

Talata ta uku aka kira su. Kafin likita ya shigo, wata ma'aikaciya ta ce wa Sama'ilu ya cire riga ya hau gado ya jira. Ashe labari ya riga ya zaga asibitin. Ƙofa ta buɗe, wannan ya shigo wai ya zo ɗaukar almakashi, wancan wai ya zo neman fayil. Sama'ilu ya ƙirga mutum tara a ɗakin, har da mai shara da tsintsiyarta a hannu. Haba jama'a! Mutanen da aka ɗauka don su rufa wa marar lafiya asiri, su ne suka yi cirko-cirko suna leƙe suna taɓa juna. Ya ja zanen gadon ya rufe jikinsa, ya kafa wa silin ido, yana jin zuciyarsa kamar ta fashe don baƙin ciki.

Likitan ya shigo, wani matashi ne ɗan ƙasa, gajiya ta cika masa fuska. Ya daka musu tsawa suka fice sumui-sumui, ya murɗa makulli. Da ya gama dubawa ya ce Sama'ilu ya sa rigarsa ya zauna a kujera.

"Na ga abin da jiki ya nuna. Amma kai zan tambaya. Kai a ranka, me kake jin kai ne?"

Sama'ilu ya ɗago kai ya dube shi. Shekara goma sha tara, daga ungozoma har wanzami, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya.

"Likita, tun da niy yi wayo ban taɓa jin ni mace ba ta. Ko a mafarki, namiji nika ganin kaina. Duk ranar da anka ɗaura min zane, ji nikai kamar kayan wani anka ba ni aro."

Likitan ya gyaɗa kai ya yi rubutu mai tsawo. Ya buga hatimi, ya sa a ambulan ya liƙe, ya ja layi biyu da jan biro a bayanta.

"Wannan ta ce kai namiji ne, a gyara maka suna a duk takardunka, kuma da ita za a yi maka aiki in lokaci ya yi. Na rubuta a baya cewa sirri ce. Shugaban ofis kaɗai zai buɗe ta. Kada ka bari kowa ya karanta."

* * *

Ranar Laraba da hantsi suna gaban teburin Ɗan'iya. Baranda cike take da malaman makaranta masu jiran canjin wurin aiki da 'yan kwangilar kujeru. Sama'ilu ya miƙa ambulan da hannu biyu.

"Likita yac ce Oga kaɗai ka buɗe ta."

"Likita na da ofis ɗinai, ni ko ina da nau," in ji Ɗan'iya. "Duk takardar da tash shigo nan, ta hannuna taka bi."

Ya zaro makullin babur ɗinsa ya farke ta. Wallahi da ya karanta a zuci ma da sauƙi. Sai ya gyara murya, ya shiga karantawa da Turanci yana fassarawa da ƙarfi, yana ƙara gishiri inda likita bai sa ba. Mutanen baranda suka taso suka cika taga. Abin da Inna Hinde ta ɓoye shekara da shekaru, abin da Malam bai taɓa furtawa ko a gaban ƙannensa ba, ga shi ana rabawa kamar goron biki.

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah!" in ji Malam. "Amana ta anka ba ka!"

"Aikina nikai, Malam." Ɗan'iya ya ninke takardar ya jefa a aljihun tebur. "To, takarda ta yi. Amma da saura. Takardar shaidar ga ta Mu'minatu ta. Doka ba ta yarda wani ƙato shi zo shi ce a sake sunan ɗiyar mutane ba. Sai Mu'minatu ta zo da kanta, yadda take a hoton ga, da zanenta da ɗankwalinta, ta sa hannu gaban shaidu cewa ta yarda. In ba haka ba, Oga ba shi sa hannu."

"Wace doka ta wagga? Kai ni wurin Ogan!" in ji Malam.

"Ya fita. Ku dai kun san Juma'a aka rufewa."

Suka zauna a barandar har aka tashi aiki. Sun ga wata sabuwar farar mota ta tsaya ta bayan ofis, sun ga ta tashi, ba wanda ya ce musu ta Oga ce.

* * *

Ranar Alhamis gidan Malam Giɗaɗo kamar an yi mutuwa. Malam ya rantse ɗansa ba zai ƙara ɗaura zane ba.

"Ni nit tara mutane nic ce namiji na. In ka ɗaura zane ka ratsa Tambuwal, mi za a ce? A bar karatun. Ka zauna nan zaure in karantar da kai."

"Baba, nan zauren kowa Mu'minatu shika gani," in ji Sama'ilu. "Ko jiya da munka sauka mota, ba ka ji abin da anka kira ni ba? Sa'a guda ta. In sa hannu in karɓi takardata, in bar ƙasar ga. Na ɗaura shi shekara goma sha tara, sa'a guda ba ta kashe ni."

Malam ya tashi ya shige zaure, ya sallami ɗalibai tun kafin azahar.

Inna Hinde ta jawo adakarta. Ta riga ta rabar da kayan Mu'minatu tun ranar suna, don haka nata ta ɗauko, wata shuɗiyar atamfa da ɗankwalinta. Ta riƙe su a ƙirji ta ƙi sakewa.

"Sama'ilu," ta ce. Sau uku ke nan kacal da ta iya kiran sunan ba tare da harshenta ya sarƙe ba. "Allah shi isar maka. Ni ban da abin cewa, Allah shi isar maka."

* * *

Ranar Juma'a suka sauka a gidan wani aminin Malam da ke bakin gari, don ofishin a fili yake, ba inda mutum zai raɓa ya sake kaya. Sama'ilu ya shiga ɗaki ya tuɓe rigarsa da wandonsa da hularsa, ya ninke su ya ajiye. Ya ɗauki zanen. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne hannunsa bai manta ba. Kafin ya ankara ya ɗaura ya soke, ya naɗa ɗankwali a kan ƙwaryar kan da ba gashi.

Daga gidan zuwa ofis tafiyar rubu'in sa'a ce. Ya sa kai ƙasa yana tafiya, Malam na biye da shi da sandarsa. Mahauta suka bar nama suka miƙe. Wani mai gyaran keke ya yi guɗa irin ta mata, aka bushe da dariya. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ce kaɗai ta kau da kai ta ce, "Tir da wanga hali, ku ji kunyar tsohon ga mana!" Sama'ilu bai ɗaga ido ba. Yana ta faɗa wa kansa, sa'a guda ce, sa'a guda ce.

Barandar ta fi ta ranar Laraba cika. Har daga wasu ofisoshi an zo, don Ɗan'iya ya riga ya gayyato su. Yana hango zanen ya buga tebur ya kife da dariya har goro ya sarƙe shi.

"Na ce muku za ta zo! Ban ce muku ba? Mu'minatu, sannu da zuwa! Ina gajiya?"

"Ba ni inda zan sa hannu," in ji Sama'ilu.

"Wane hannu?" Ɗan'iya ya share hawayen dariya da bayan hannu. "Kai, mutanen Kebbe! Wasa fa nikai. Wa yat taɓa jin irin wagga doka? Mu dai so mukai mu ga yadda take."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da takardu biyu ya tura masa. Ta likita ce, da wata sabuwa mai hatimin ofis. Sama'ilu ya ɗauka ya duba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro da keken rubutu: Sama'ilu Giɗaɗo, namiji. Ga sa hannun Oga. Ya kai ido kan kwanan wata, sai ya ga na ranar Laraba ne. Ashe tun ranar, suna zaune a baranda da yunwa, Oga ya shigo ta baya ya sa hannu ba tare da ya nemi ganin kowa ba.

Ya mayar da kallonsa kan Ɗan'iya. "To, sa sunana cikin jerin."

"Wane jeri?"

"Na kwaleji. Yau aka rufewa."

"Af!" Ɗan'iya ya sosa ƙeya, dariyarsa ta ɗan ragu. "Ai jiya da safe motar wasiƙu tat tafi da shi. Oga yac ce kada a jira Juma'a, ranar gajera ta. Wanda bai karɓi takardarshi ba kuwa ba a sa shi. Da ka zo jiya da sassafe... To, sai baɗi, in gwamnati ta sake buɗewa."

Masu dariya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tuna bai yi alwala ba, wancan ya duba agogo. Ba wanda ya ce wa Ɗan'iya don me. Ko mutum ɗaya! Sama'ilu ya tsaya da takardar a hannu. Ya yi zaton zai yi ihu, ko ya kifar da teburin, amma ko yatsa ya kasa ɗagawa. Mako uku na wahala, da tsiraicin da aka kalla, da tafiyar nan ta cikin gari, duk don wani ya samu abin dariya kafin sallar Juma'a.

Malam Giɗaɗo bai yi wa akawun magana ba, ko kallonsa bai yi ba. Ya jingine sandarsa a bango. Ya warware rawaninsa, ya cire hularsa, ya zare ɗankwalin daga kan ɗansa ya kifa masa hular. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa ta zuwa masallaci ya zura masa, ya sa hannu ta ƙasa ya kwance zanen ya naɗe.

"Mu tafi, Sama'ilu."

Suka fito daidai lokacin da ladan ya yi kiran farko. Titi ya cika da mutane cikin fararen kaya, kowa da dardumarsa a kafaɗa, suna ta darewa suna ba su hanya. Sama'ilu na gaba, rigar na jan ƙasa. Tsohon na biye da shi, kai ba hula, furfura a waje, daga shi sai 'yar shara da wando, shuɗin zanen matarsa a hammata.